Sarƙar swic ta kashe mani rezo, ku agaza

Mai Santar Tahoua: Assalamu alaikum jama'ar gurup. Don Allah shawara nika biɗa, tun jiya kaina ya ɗau zahi. Ina da santar ta koyar da ordinatar nan Tahoua, sal guda mai mashin 20, sai biro inda rutar, akwatin da ke raba intanet, take da imprimant, sai wani ɗaki can ƙarshen hili da munka gina bana munka sa mashin 6 na masu buga takardu. Yadda anka haɗa abin tun farko, daga rutar waya ta tahi ga ƙaramin swic, akwatin da wayoyin mashin ke shiga, mai baki 8, daga shi ta tahi ga na biyu, na biyu ga na ukku, duk sadda munka ƙara mashin sai mu sawo wani mu liƙa ga wutsiya, yanzu sun kai biyar, na biyar shi na can ɗakin ƙarshen hili. Waɗanda ke wutsiya kullum kuka, in na tsakiya ya mutu kuma duk na bayanai sun mutu. To jiya ɗan ƙanena da ke karatun abin ya ce mu yi tsarin zobe, mu jawo waya daga na huɗu mu maido ta ga na farko, wai in hanya guda ta yanke sai a bi ta ɗayar. Munka yi bayan isha'i. Wallahi tun lokacin hitilun swic ɗin duka suna ƙibtawa kamar an sa masu aljanu, ba mashin guda da ke samun intanet, ko imprimant ba ta amsawa. Yara sun zo kwas ɗin safe suna zaune suna kallona

Bazabarmen Plato: Wa alaikumus salam. Malam kafin komai tashi yanzu ka cire wayar nan ta jiya. Baki ɗaya kawai ka zare, ka jira minti ɗaya, ka dawo ka gaya mana

Mai Santar Tahoua: Allahu akbar. Ya dawo!! Na zare ke nan hitilun sunka lahwa. Mi ya faru ke nan? ni na ɗauka ƙona su munka yi

Bagobirin Katako: Yau dai Bazabarme ya yi abin kirki, a rubuta ranar

Bazabarmen Plato: Kai bawana yi shiru manya na magana. Malam ba abin da ya ƙone. Abin da ya faru shi ne, kowace mashin a rezo takan yi shela lokaci lokaci, misali ta ce wa ke da adireshi kaza, ko ta ce a ba ni adireshi ni sabuwa ce. Swic in ya ji shela ba ya tunani, fitar da ita yake ta kowane baki ban da wanda ta shigo. In rezon ba shi da kewaye shelar za ta je ƙarshe ta mutu. Amma da ka rufe zoben, na farko ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, na huɗu ya maido wa na farko, shi kuma bai san ya taɓa jin ta ba sai ya sake turawa. Kuma saƙon Ethernet, wato tsarin rezon waya, ba shi da wani ƙidayar da ke cewa ka zagaya da yawa ka mutu, to haka zai yi ta yawo, sabbin shela suna ta ƙaruwa a kai, cikin daƙiƙu kaɗan waya ta cika maƙil ba wurin da saƙon kirki zai bi. Kamar a ce mai shelar gari duk wanda ya ji shi sai ya maimaita, shi ma in ya ji an maimaita sai ya ɗauka sabon labari ne ya sake ɗagawa

Ɗan Iniversite: Amma yaya ka yi haƙuri, shawarar yaron ba ƙarya ba ce fa. Mu ma a kwas an koya mana topoloji, wato tsarin haɗa mashin, kala biyar, bis, etuwal wato tauraro, ano wato zobe, maye wato raga da na bishiya, kuma malam ya ce amfanin ano shi ne in waya ta yanke ta gefe guda saƙo na bi ta ɗaya gefen. Har a jarabawa an tambaye mu

Bazabarmen Plato: Ba ƙarya ba ce ƙanena, rabin gaskiya ce. Ana yin zobe da swic, ni kaina na yi, amma da swic masu hankali waɗanda ake shiga cikinsu a saita, masu abin da ake kira Spanning Tree. Wata mata ce ma ta ƙirƙiro shi, Radia Perlman, a 1985. Swic ɗin suna magana da juna, su gane akwai kewaye, su toshe baki guda da kansu su ajiye shi, ran da wata waya ta yanke sai su buɗe shi. Wato a ido zobe ne, amma a aiki ba a taɓa barin shi ya rufe. Tsohon samfurin yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanyar, sabon na 2001 ya fi sauri sosai. Ƙananan nan masu baki 8 na roba da ake sayarwa ko'ina yawancinsu ba su san wannan zance ba sam

Mai Santar Tahoua: Wato garin gyaran gira munka so rasa ido. Bari yaron ya zo

Hajiya Mai Sakatariya: Kar ka taɓa shi Malam, niyyar alheri ya yi. Ni nawa ya fi naka ban haushi. Yaron da ke mana shara ne ya ga waya tana reto bayan tebur, shi a ganinsa ya taimaka, ya ɗauka ya cusa ta cikin swic, ashe ɗayan bakinta ma cikin swic ɗin yake. Wuni guda cur muna rufe, ga masu dosiye na konkur sun yi layi har bakin titi, na kira masu intanet na zazzage su da faɗa ashe ba ruwansu, sai da na koma na ba su haƙuri. Tun ranar duk bakin da ba a amfani da shi na sa an liƙe shi da salatif

Tsohon Teknisiyan: Salamu alaikum 'ya'yana. Ina karanta ku tun ɗazu ina dariya. Ɗan Iniversite, waɗannan zane zanen da aka ba ka a kwas ni da hannuna na taɓa biyu daga cikin waɗanda suka mutu, bari in ba ka labari ko ya yi maka amfani. Lokacin da na fara aikin nan wayar rezo ba irin wannan mai 'ya'ya takwas ba ce, kowaksiyal ce kamar ta eriyar talabijin, igiya guda ta bi bayan dukan tebura, kowace mashin a sa mata wani ƙarfe mai siffar T ta rataya a jiki. Shi ne bis ɗin. Siririyar ana ce mata 10BASE2, iyakarta mita 185, mashin 30 a igiya guda, gudunta mega 10 kuma kowa da kowa ke raba shi. A kowane ƙarshe dole a toshe da wani ɗan murfi mai om 50, in babu shi sigina ta je ƙarshe ta dawo ta rikita komai. Akwai wani ofis nan Yamai da na sha wahala, ba zan faɗi suna ba, duk sati sai an kira ni rezo ya faɗi, in bi igiyar tebur tebur a durƙushe ina taɓa kowane T, don wuri guda in ya saki duka sun tafi kuma ba fitilar da za ta nuna maka ina ne. Ashe wata sakatare ce in za ta matsar da teburinta ta yi salla take jan wayar. Wata uku kafin in gano

Ɗan Iniversite: Baba to in igiya guda ce kowa a kai, in mashin biyu suka yi magana tare fa?

Tsohon Teknisiyan: Sai su yi karo mana. Dokar ita ce ka saurara tukuna, in shiru ka yi magana, in kun haɗa baki da wani kowa ya yi shiru ya jira ɗan lokacin da ya zaɓa da ka, sannan ya sake gwadawa. Mutum biyar a zaure abin na tafiya lafiya, mutum talatin kuwa rabin lokacin a haɗa baki yake ƙarewa. Haka Robert Metcalfe ya tsara Ethernet ɗin tun 1973 a kamfanin Xerox can Amurka. Su kuma IBM suka ce a'a mu ba ma son hayaniya, suka fito da Token Ring, shi ne zoben gaskiya. Ka san yadda ake shan fura a ƙwarya guda da ludayi guda? wanda ludayi ke hannunsa shi ke sha, ya gama ya miƙa wa na kusa. To haka, wata 'yar alama ce ke zagayawa, sai mai riƙe da ita ke da izinin aikawa. Mega 4 da farko, daga baya 16. Tsari ne mai ladabi ƙwarai amma kayansa tsada, shi ya sa Ethernet ya cinye kasuwar. Abin da zai ba ka mamaki, ko shi Token Ring ɗin in ka shiga ofis ba za ka ga waya ta yi da'ira ba, kowace mashin wayarta na zuwa wani akwati a tsakiya, a cikin akwatin ne zoben yake. To ka riƙe wannan, yadda waya ta kwanta daban, yadda saƙo ke tafiya daban. Hub ma, akwatin da ake amfani da shi kafin swic, da ya zo da 10BASE-T wajen 1990, a ido tauraro ne, a ciki kuwa bis ne, duk abin da ya shigo kowa sai ya ji. Swic ne ya zo ya raba gardamar, shi yana haddace wace mashin ke wane baki ya kai mata nata ita kaɗai

Hajiya Mai Sakatariya: Baba Allah ya ƙara lafiya, misalin furar nan ko ni na gane

Mai Santar Tahoua: Baba mun gode. To ni yanzu nawa wane iri ne cikin biyar ɗin? kuma mi za ni yi

Bazabarmen Plato: Naka sarƙa ce Malam, ba ta ma cikin littafi sosai amma ita ta fi yawa a garin nan. Kowane swic tauraro ne ƙarami, kun jera su kamar raƙuman azalai kowa ɗaure da wutsiyar na gaba. Duba jikinsu, in an rubuta 10/100 to duk mashinan da ke bayan na farko, kusan 20, ta waya guda mai mega 100 suke wucewa in za su rutar ko imprimant. Sannan kowane swic da nasa ɗan sharja, biyar ke nan, kowanne na iya mutuwa ko wani ya zare shi ya sa cajin waya. Shawarata tauraro guda, swic mai baki 24 na giga, wato mega 1000, kowace mashin da wayarta har gare shi

Mai Santar Tahoua: Na duba, 10/100 ne duka. Zancen cajin waya kuma kamar kana nan, wallahi sun yi

Bagobirin Katako: To ni nan zan saɓa. Ku injiniyoyi kun iya kashe kuɗin mutane. Bawan Allah na da swic biyar masu aiki ka ce ya zubar ya sayi babba ya sake jan waya 20? Ni kaya nake sayarwa, riba ta ce ya saya, amma gaskiya in ya canza ƙananan zuwa na giga masu baki 8 sarƙar za ta ɗauke shi, intanet ɗin nasa duka nawa ne? ai ko mega 100 bai kai ba na tabbata. Kuma tauraron nan naka in babban ya mutu fa? duka 26 sun kwanta lokaci guda, a sarƙa ko banza na gaba suna aiki

Ɗan Iniversite: Eh wannan ma yana cikin kwas, illar etuwal ita ce in tsakiya ta faɗi komai ya faɗi

Bazabarmen Plato: Bawana ka yi magana rabi da rabi. Gaskiyarka kan intanet, ba waya ce ke rage shi ba in shi kaɗai ne. Amma santar ce, malam na tura fayil ga ɗalibai 20, ana ɗora lojisiyel daga mashin guda zuwa sauran, wannan duk cikin gida ne. Zancen mutuwar babba kuma, a sarƙar ma in na farko ya mutu ai duka sun rasa rutar, to yana da wannan matsalar ya ƙara da wasu huɗu a kai. Gara wuri guda da na san shi, in sa shi kan ondilar, akwatin batir mai riƙe wuta, in ɗaga shi sama inda hannu ba ya kai, in ya mutu na san shi ne ba sai na yi bin diddigi ba. Kuma ban ce ya zubar da ƙananan ba. Guda ya tafi ɗakin ƙarshen fili, guda a biro, sauran a ajiye cikin kwali ran da babban ya ba da matsala a fito da su a lallaɓa. Ƙaramin swic ba laifi ba ne in wayarsa ta koma kai tsaye ga babban, shi ne tsarin bishiya, gindi guda da rassa. Laifin shi ne reshe kan reshe kan reshe

Bagobirin Katako: To wayar fa? ka lissafa?

Bazabarmen Plato: Katon waya guda mita 305 ne. In ya sa babban swic ɗin cikin sal ɗin, ba a biro ba, mashin 20 kowace a ce mita 12 zuwa 15 in an bi bango cikin gulot, katon guda ya kusa isa ko ya isa. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su kai swic biron patron don wai nan ne daraja, sai a ja waya 20 zuwa can maimakon guda ɗaya tak. Lissafin baki kuma, 20 na mashin, 1 zuwa rutar, 1 zuwa ɗakin can, 1 na wifi in yana so, 23 ke nan saura guda

Mai Wifi Harobanda: Ni dai ina mamakinku wallahi, muna wannan zamani kuna zancen huda bango da gulot. Malam sayi akwatin wifi na mesh guda uku, ɗaya biro ɗaya sal ɗaya ɗakin can, su haɗa kansu da kansu ta iska, ka sa wa mashinan 'yan kle na wifi, awa biyu ka gama ba waya ba ƙura. Na yi wa gidaje da yawa a nan kowa na jin daɗi

Tsohon Teknisiyan: Ɗana gida daban, sal mai mashin 20 daban. Wifi ai bis ɗin nan ne da na ba ku labari ya dawo ta iska, duk wanda ke kan tasha guda jiran juna suke, ɗaya na magana sauran na saurare. Kuma akwatin mesh in da rediyo guda yake ji yake kuma maimaitawa, duk tsalle guda gudun na raguwa kusan rabi. Ka tsallaka biyu ka ga abin da ya rage. Ga bangon siminti, ga ƙofofin ƙarfe, ga rufin kwano. A zangon wifi na 2.4 kuma tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, maƙwabta ma a kansu suke

Mai Wifi Harobanda: Baba akwai masu rediyo uku yanzu, guda an ware shi don magana tsakaninsu kawai, ba sa rage rabin nan

Tsohon Teknisiyan: Akwai, ban musa ba. Tambayi Bagobiri kuɗinsu ka gaya mani ko sun fi katon ɗin waya araha. Abin da ke da ƙafa, talho da portabul, a ba shi wifi. Abin da ke zaune kan tebur shekara biyar bai motsa ba a ba shi waya. Ko akwatin wifin ma ni na fi son a ja masa waya, in swic ɗin mai PoE ne ma wayar guda ta kai masa har da wuta

Ɗan Iniversite: To shi mesh ɗin shi ne maye na littafi? don mu an ce kowace mashin tana haɗe da kowace

Bazabarmen Plato: Wancan cikakkiyar raga ce, lissafa da kanka, adadin mashin sau adadin ban da ɗaya, raba biyu. Mashin 20 waya 190 ke nan kuma kowace na son baki 19. Ba mai yin haka da ordinatar. Ana yin shi tsakanin manyan rutar ko gine gine, misali gini 4 waya 6. Na wifi raga ce mai ɓaraka, kowa na kama wanda yake ji

Hajiya Mai Sakatariya: Ku dakata, ba wanda ya tambayi Malam nisan ɗakin can. Ya ce ƙarshen fili, filayen Tahoua kuma ba irin namu na Yamai ba ne

Mai Santar Tahoua: Hajiya kin taɓo wurin. Ban auna ba amma wayar da anka ja ta hi mita 120, don na tuna kusan rabin katon ta ci. Bisa katanga anka bi da ita sannan ta tsallaka ta bisa wani icce. Su ne ma sunka hi kowa kuka, wani lokaci ta kama wani lokaci ta saki, musamman da rana tsaka

Bazabarmen Plato: To ga babbar cutar nan. Wayar rezo ta tagulla iyakarta mita 100, ko Cat5e ce ko Cat6 duk ɗaya, a ƙa'ida ma 90 cikin bango sai 10 na 'yan guntayen da ke kai wa mashin. Bayan haka sa'a ce kawai. Zafi kuma yana ƙara raunana sigina, waya na kwance bisa katanga a ranar watan Afrilu na Adar ka san abin da take sha, kuma rigar wayar cikin ɗaki ba a yi ta don rana ba, tana bushewa ta tsattsage

Tsohon Teknisiyan: Zafin ma da sauƙi. Damina nake jin tsoro. Tagulla tsakanin gini biyu a sararin sama, ba sai aradu ta faɗo kanta ba, ta faɗi kusa kawai ya isa wuta ta bi wayar ta ƙone bakin swic ta nan da ta can, wani lokaci har katin mashin. Na kwashe gawar swic da yawa bayan hadarin Agusta. Tsakanin gini da gini fibar ake sawa, gilashi ce wuta ba ta bin ta. Ɗan akwati mai juya sigina guda nan guda can, fibar a tsakiya cikin tiyo a binne. Mai kauri cikin, miltimod, tana kai giga har wajen mita 550, monomod kuwa kilomita ake zance. Mita 130 wasa ne gare ta. Ka sa a kawo maka wadda an riga an sa mata kawuna daga shago don haɗa kan fibar na son na'ura ta musamman, kar a lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma a bar igiya cikin tiyon saboda gaba

Mai Wifi Harobanda: To nan dai ku ba ni gaskiyata, eriya biyu masu kallon juna a zangon wifi na 5 gigahertz, guda bisa sal guda bisa ɗakin, mita 130 ba komai ba ne, ba haƙa ba tiyo, mashin 6 masu buga takardu me za su ci

Bazabarmen Plato: Nan na ba ka. In ba abin da ya tare tsakani kuma haƙan zai yi wuya, yana yi. Sai dai iccen da ya ce, in yana tsakiya ganye na cin sigina, ga iskar farkon damina mai juya eriya. Ni in filin nasa ne ba haya ba fibar zan binne in manta

Mai Santar Tahoua: Hilin namu ne na gado. Haƙa ba matsala ba ce, ɗalibai na nan, ƙasar ce dai akwai dutsi wuri wuri

Bagobirin Katako: Tunda an koma sayen waya bari in faɗi abin da ya kamata in ɓoye. Katon kala biyu ne a kasuwa ko da rubutun jikinsu iri ɗaya ne. Akwai tagulla zalla, akwai alminiyom da aka shafa wa tagulla a sama, wani lokaci za ka ga CCA a jikin kwalin wani lokaci ba za su rubuta ba. Ta biyun ta fi araha nesa, ta fi sauƙi a hannu in ka ɗaga, amma tana karyewa cikin kai in an matse, ba ta kai nisa, PoE kuma tana sa ta zafi. Ka fere ɗan silin guda ka kankare da wuƙa, in ciki ya yi fari to alminiyom ce. Ko ka sa mata birike, tagulla za ta yi ja ta tsaya, waccan sai ta lanƙwashe ta narke. Araha ba ta ado

Bazabarmen Plato: Yau Bagobiri ya tuba, a yanka rago

Hajiya Mai Sakatariya: Ni nawa ƙarin ba na injiniya ba ne. Duk wayar da za a ja a rubuta mata lamba kai biyu, ta mashin 7 a sa 7 nan a sa 7 can, ta shiga baki na 7. A samu kaye guda a zana ɗakunan da inda kowace waya ta bi a ajiye a biro. Wanda ya ja mana namu ya tafi Kodebuwa da taswirar a kansa, duk wanda na kira sai ya fara daga farko ina biya. Sannan Malam in kana da tsohuwar rutar kana son ka mai da ita wifi a sal, ka sa a kashe mata rabon adireshi, DHCP ɗin nan. Mu mun yi wata guda wasu mashin na samun intanet wasu ba sa samu, yau wannan gobe waccan, ashe rutar biyu ke rabon adireshi kowace na cewa ita ce ƙofa

Mai Santar Tahoua: Hajiya kamar kin leƙo aljihuna, akwai wata tsohuwa da nika shirin liƙawa

Bazabarmen Plato: Kashe DHCP ɗinta, ka ba ta adireshin da ba ya karo da babbar, ka sa wayar a bakin LAN ba na WAN ba. Kuma swic ɗin da za ka saya in da hali ɗauki wanda ake saitawa, ko mai gano kewaye, saboda ɗalibai ne, wata rana wani zai sake yin abin da ɗanka ya yi ko don gwaji

Tsohon Teknisiyan: A sa shi cikin ɗan kofre a bango amma mai huji iska na shiga. Lokacin hunturu a riƙa hure masa ƙura. Rutar da swic da akwatin fibar duka kan ondilar guda, ba su cin wuta sosai, in kuran ya ɗauke kafin a tada gurup ɗin wuta ba sai sun mutu sun sake tashi ba, wannan kashe kunna ɗin ne ke cinye sharjojinsu

Ɗan Iniversite: To Baba mu a jarabawa in an ce wace topoloji ta fi, me za mu rubuta? malam na son amfani da illar kowace

Tsohon Teknisiyan: Rubuta masa abin da ya koya maka ka ci makinka. In hutu ya zo ka zo ka riƙe mani tsani sati biyu

Mai Santar Tahoua: Jama'a na dawo. Munka auna da igiya ni da mai gadi, daga bangon sal zuwa ɗakin mita 118 ne a miƙe, wayar da ta bi katanga ta hi haka. Na kankare guntunta kuma, hwari tas kamar cokali. Ɗan ƙanena ya zo na nuna mai bayanin Spanning Tree ɗin, ya ce wai sai shekara mai zuwa za a koya masu shi, yanzu shi na sa ya riƙe diga. Bagobiri ka turo mani debi ta pirive, swic 24, katon guda na tagulla, kawuna, gulot, fibar mita 150 da akwatinta biyu. In mun daidaita ka sa a kar ɗin asuba

Bagobirin Katako: Dakor Malam. Kawunan guda nawa? 20 sau biyu 40, amma in kai za ka matse da kanka sayi 100

Mai Santar Tahoua: Yaron ne za ya matse

Bagobirin Katako: To paket biyu